Kuɗin Mota da Masauki: Haƙƙin Ɗan Ƙwadago a Kan Hukuma

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Daura na lokacin hutu, a unguwar Kusugu)



Ina godiya ga shugabannin wannan taro da suka ba ni damar tsayawa gaban manya in yi magana. Batun da na ɗauko kuwa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan noma, watau batun 'yan ƙwadago, mutanen da kan bar garuruwansu su tafi aikin gonar wani na 'yan makonni ko 'yan watanni, su samo abin da za su kai gida. Tambayar da nake so mu duba ita ce: yanzu da manoma ke kukan rashin hannun aiki, ko ya wajaba hukuma ta sa hannu wajen kai waɗannan bayin Allah wurin aiki, ta kuma tanadar musu inda za su kwana? Amsata ita ce ya wajaba, amma bisa sharuɗɗa, kuma tarihi ya riga ya nuna mana sharuɗɗan.

Wani zai yi mamaki ya ce, ta yaya za a yi ƙarancin ma'aikata a ƙasar da samari ke zaune a gindin bishiya ba aikin yi? Wanda ya san noma ba zai yi wannan mamaki ba. Daminarmu a nan arewa gajeriya ce, wata huɗu ne in ta yi albarka, kuma aikinta a cunkushe yake. Ruwan shuka na sauka kowa ya fita rana ɗaya. Bayan mako biyu ko uku ciyawa ta taso a kowace gona lokaci guda, noman firi ya kama kowa, ba a gama shi ba maimai ya iso. In kaka ta yi, girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake sukan zo kusan a jere, can kudu kuwa, wajen Funtuwa da Malumfashi da Bakori, ga karyar masara ga tsinkar auduga. Ciyawa ba ta jira, shinkafar da ta nuna kuma in an bar ta kwana goma sai ta zube ko tsuntsu ya cinye. Ashe ƙarancin na 'yan makonni ne, kuma na wuri ne. Hannun da ake nema a Kadawa yana iya kasancewa a zaune a Baure, abin da ya raba su kuɗin mota ne da rashin sanin inda za a sauka.

A dā gandu da gayya ne ke toshe wannan kafa. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, kowa da gayaunarsa ta gefe, in aiki ya fi ƙarfinsu a kira gayya, a dama fura, makaɗa su zo, a gama cikin yini. Gandu ya daɗe da fara watsewa. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura da wani abu da ya kamata mu riƙe: matalaucin manomi, da hatsinsa ya ƙare tun kafin damina, tilas ke sa shi barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya sami na cefane, sa'an nan ciyawa ta cinye tasa gonar, baɗi ya ƙara talaucewa. Tun daga lokacin kuwa abubuwa da dama sun ƙara janye hannu daga gona. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun kwashe samari zuwa aikin gini a birane, makarantun firamare na kyauta da aka buɗe a 1976 sun ɗauke yara, yau kuma ga acaba da keke mai ƙafa uku, ga haƙar zinariya.

Tafiya neman aiki tsohuwar al'ada ce gare mu, har mun ba ta suna cin rani, watau mutum ya je ya ci abincin wani wuri don ya bar wa iyalinsa abin da ke rumbu. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya matafiya a mashigan Lardin Sakkwato, aka sami fiye da mutum 250,000 sun fita, kuma masanin nan Mansell Prothero ya yi rubutu a kan ƙidayar. Da yawa cikinsu daga ƙasar Faransa suka gangaro, watau Nijar ta yau. Mu mutanen Daura mun fi kowa sanin wannan, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906 ta ratsa tsakiyar dangi ne. Mutumin Matamaye ko Kance ko Magarya da ya biyo ta Kongwalam ko Babban Mutum, a wurin Bature baƙo ne, a wurinmu kuwa kawu ne ko ɗan'uwa.

Amma fa wannan hanya ta sha toshewa, kuma duk lokacin da ta toshe gona ce ke fara jin jiki. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Daga 1984 zuwa 1986 iyaka ta kasance a rufe, lokacin da fari ya addabi Nijar. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka kuma rufewa har Maris na 2024. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka ƙulla a 1979, ita ce inuwar da ɗan ƙwadagon Nijar ke faƙewa a ciki, ga shi kuwa Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Daɗin daɗawa darajar Naira ta faɗi. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya, a 2024 kuwa sai da Dala ta haura Naira 1,500, alhali kuɗin Sefa a ɗaure yake da kuɗin Turai. Mutumin Damagaram da ya yi wata biyu yana yankan shinkafa a Nijeriya, in ya canja ladansa sai ya ga bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa wasunsu suka juya arewa, zuwa ramukan zinariyar Jado da aka gano a 2014, ko Libiya da Aljeriya. Ba za mu manta ba a Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na kusa, ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abinci.

A cikin gida kuma, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Ɗan ƙwadago ba ya da jarin da ya wuce fartanyarsa da laujensa. In kuɗin mota zuwa da dawowa zai cinye ladan kwanaki masu yawa, sai ya haƙura ya zauna, ko kuwa ya hau saman tirela bisa buhuna, ya sayar da ransa don rangwame. Kowa a nan ya sha jin labarin tirelar da ta kife da mutane a kan kaya. Ga kuma rashin tsaro. Manoman Batsari da Safana da Jibiya da Faskari da Ƙanƙara sun sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga. A ranar 28 ga Nuwamba, 2020 aka yi wa masu yankan shinkafa kisan gilla a Koshebe kusa da Zabarmari a Jihar Barno, washegari aka binne mutum 43, kuma labaran da suka fito sun ce cikinsu har da 'yan ƙwadagon da suka taso tun daga ƙasar Sakkwato. Wanda ya ji wannan, ba ƙaramin dalili ne zai sa ya bar garinsu ba.

To, jama'a, ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba, kuma hukumomi sun jarraba hanyoyi iri-iri. Hanya ta farko ita ce ta ƙarfi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, Turawan mulki sun bi ta hannun En'e suka ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. An ba su abin hawa, an ba su bukkoki, amma sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe mutane da yawa, wasu suka gudu, gonakin da suka baro kuma suka lalace. Na kawo wannan ne ko da yake ba aikin gona ba ne, domin ya nuna cewa mota da masauki ba alheri ba ne in mutum ba shi da ikon cewa a'a. Har yau in tsoho ya ji an ce gwamnati na rubuta sunaye za ta kwashi mutane, sai gabansa ya faɗi, kuma yana da hujja.

Hanya ta biyu ita ce ta lallashi. A Sanagal, da noman gyaɗa ya bunƙasa, dubban samari sukan gangaro kowace damina daga Mali da Gini. Hukumar Faransa ta rage musu kuɗin jirgin ƙasa, ta kuma kafa zango a Tambakunda inda ake yi musu lamba a ciyar da su kafin a rarraba su. Wanda ya sauke baƙo shi ke ba shi ɗaki da abinci da iri da 'yar gona, baƙon kuma ya yi masa aiki na wasu kwanaki a mako, sauran kwanakin ya noma tasa. A Kwaddibuwa, bayan an soke aikin tilas a ƙasashen Faransa a 1946, masu gonakin koko da kofi suka kafa ƙungiya a 1951 wadda ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikata daga ƙasar Mosi. Abin lura a nan shi ne masu cin moriyar aikin su ne suka haɗa kuɗin motar.

Akwai kuma darasin Sudan, wanda ya shafe mu kai tsaye. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari masu niyyar aikin hajji ta ƙasa suna cikin waɗanda suka riƙe tsinkar auduga, ga kuma jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da suka riga suka zauna a bakin kogin. Ma'aikatan da ba a ba su gona ba an ajiye su a sansanoni a gefen ƙauyuka, ana ce wa irin wannan sansani kambo. An yi su ne da sunan zaman wucin gadi, sai ga shi jikoki sun taso a ciki, da yawa ba su da ikon mallakar filin da suke kwana a kai, ba isasshen ruwa ba makaranta. Masaukin da aka gina ba tare da tunanin mutuncin mai kwana a ciki ba, ƙarshensa ya zama unguwar waɗanda aka manta da su.

Hanya ta uku ita ce ta yarjejeniya tsakanin gwamnatoci. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta yi ta ɗauko ma'aikatan gona daga Meziko, aka rubuta takardun aiki fiye da miliyan 4. A takarda an yi alkawarin mota da masauki da lada tsayayye. A aikace, a shekarun farko an riƙa cire kashi 10 cikin 100 na ladansu wai ajiya ce za a ba su in sun koma gida, da yawa suka mutu ba su ga kuɗin ba. A Satumban 1963 jirgin ƙasa ya banke wata motar kaya da aka mayar ta ɗaukar ma'aikata a Kalifoniya, mutum 32 suka rasu. Kanada ta fara nata shirin a 1966 da mutanen Jamaika, inda mai gona ke ba da ɗaki ya kuma biya wani kaso na kuɗin jirgi, sai dai kukan da ake yi da shi shi ne ma'aikaci a ɗaure yake ga maigida ɗaya, in ya yi ƙorafi baɗi ba za a kira shi ba. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, ƙasashen da ke taƙama da injuna suka gane cewa inji ba ya tsinkar kowane amfani. Jamus ta yarda a shigo da ma'aikata 80,000 ta jirgin sama cikin Afrilu da Mayu, Ostareliya kuma daga Nuwamban shekarar ta yi tayin mayar wa ɗan ƙasa kuɗin tafiya da masauki har Dalarsu 6,000 in ya koma karkara aikin girbi.

Mu ɗalibai ma an taɓa gwada mu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka tura dubban ɗaliban jami'o'i da manyan makarantu ƙauyuka lokacin dogon hutu, ana biyan su alawus. Niyyar mai kyau ce, amma an ba wanda bai iya riƙe hauya ba mota da kuɗi don ya je ya koya wa manomi noma, shi kuwa ɗan ƙwadagon da ya iya aikin ba wanda ya tuna da shi. Haka aka gina Tiga da Bakolori, daga baya Jibiya da Zobe, a nan kusa kuma ga Sabke da Daberam. An yi lissafin siminti da magudanai, amma lissafin wanda zai dasa shinkafa ya tsinki tumatir, da inda zai sa haƙarƙarinsa da dare, an bar wa Allah. Je ka Kadawa ko Kura lokacin aikin rani ka tambayi inda baƙin ma'aikata ke kwana, za a nuna maka rumfunan kasuwa da barandar shaguna da bukkokin kara a bakin gona, cikin sauro da sanyin hunturu.

Wannan abin kunya ne gare mu musamman, domin a bakin rijiyar Kusugu muke zaune. Labarin da muka gada ya ce Bayajida da dare ya iso garin nan, baƙo ne ba wanda ya san shi, wata tsohuwa mai suna Ayana ta sauke shi, ya nemi ruwa aka ce ba a samu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiyar. Da tsohuwar nan ta rufe ƙofarta, da labarin Hausa Bakwai ya zama wani abu dabam. Kakanninmu sun san darajar saukar baƙo, shi ya sa kowane gari na fatauci yana da zango, kowace kasuwa tana da fatoma, daga nan har Kumasi. Abin da muke nema ga hukuma shi ne ta ɗauki wannan tsohuwar hikima ta sa mata tsari.

Ga shawarwarina, bisa abin da muka gani. Da farko, ƙananan hukumomin masarautar nan biyar, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, su buɗe rajistar masu son tafiya aikin gona ta hannun dagatai da masu unguwanni, bisa son ran mutum, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Malaman gona na yankunan da ke bukatar hannu su aiko da adadin da ake nema da lokacin, tun kafin amfani ya nuna. Na biyu, motocin hukumar sufuri ta jiha su riƙa ɗaukar masu rajista a kan rabin kuɗi, a ba mutum tikitin zuwa da na dawowa a hannunsa tun daga gida, domin wanda tikitin komawarsa ke aljihun maigida ba shi da bakin magana. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, an tsara ya biyo ta Daura, saboda haka tun yanzu ya kamata wakilanmu su nemi a sa rangwamen 'yan ƙwadago cikin tsarin kuɗin jirgin.

Na uku, a kowane babban wurin noman rani a gina masauki mai rufin kwano, da rijiyar burtsatse da makewayi da gidan sauro, ɓangaren mata dabam, malamin asibiti ya riƙa leƙowa ko da sau ɗaya a mako. Masaukin ya zama na hukuma, kada ya zama na mai gona, don mutum ya iya barin maigidan da ya cuce shi ba tare da ya rasa wurin kwana ba. Na huɗu, a yi ciniki a gaban shaida kafin a fara aiki, na yini ne ko jinga, a rubuta, a kuma biya lada duk mako. Addininmu ya yi horo da gaggauta biyan ma'aikaci, kada wata hukuma ta ce za ta ajiye masa. Na biyar, kada a kai kowa yankin da jami'an tsaro ba su tabbatar da lafiyarsa ba, gama hukumar da ta sa mutum a mota ta ɗauki alhakin ransa. Na shida, a nemi fahimtar juna da hukumomin Damagaram a kan takardar shiga ta wata uku ga 'yan'uwanmu na tsallake, don a raba su da wulaƙancin shingayen hanya.

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Za su ce wannan tallafi ne ga manyan manoma da kuɗin talakawa. Gaskiya ne in an bar shi haka, shi ya sa duk mai gonar da ya ɗauki fiye da mutum goma ya kamata ya biya kasonsa na mota da masauki, kamar yadda masu koko suka yi a Kwaddibuwa. Za su ce baƙi za su karya wa 'yan gari farashin aiki. Maganin wannan shi ne lada ɗaya ga baƙo da ɗan gari, kuma kada a kawo kowa sai an tabbatar hannun gida bai isa ba. Za su ce za a raba matalauci da gonarsa, kamar yadda aka gani a Batagarawa. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, amsarta kuwa ita ce a ɗora shirin a kan kaka da rani, bayan geronmu ya shiga rumbu, a bar mutum a gonarsa lokacin firi da maimai. Masu cewa a sayo tarakta kawai su tuna tarakta tana huɗa ne, ba ta roron wake, ba ta tsinkar barkono.

Suka ta ƙarshe ta shafe mu ne, mu da ke zaune a wannan wuri. Za a ce rajistar za ta cika da sunayen bogi, tikitin rangwame ya koma hannun 'yan kamasho a tasha, masaukin kuma ya ƙare a takardar ɗan kwangila, kamar yadda takin gwamnati ya sha ɓacewa tsakanin ofis da gona. Ba wata doka da za ta hana wannan in mai riƙe da alƙalami bai ji tsoron Allah ba. Yayyenmu da suka fara aiki su ne akawuna da malaman gona na yau, mu kuma gobe teburorin nan za mu gada. Yawancinmu da kuɗin gero da gyaɗa aka kai mu makaranta, kuma cikin hannuwan da suka nome gonakin akwai na mutanen da ba mu taɓa tambayar sunansu ba. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki aiki ɗaya a hutun kaka mai zuwa: mu rarrabu kasuwannin Mai'aduwa da Zango da tashoshin mota, mu tambayi 'yan ƙwadago ina za su, nawa suke biya, ina suke kwana, nawa ake ba su, mu rubuta mu miƙa wa shugabannin ƙananan hukumomi da majalisar jiha. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mai son cin kuɗin talaka kuwa tsagar da yake bi ita ce rashin lissafi na gaskiya.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.